Ziyarar Hubbare daga Kaduna: Taƙaitaccen Tarihi

Manufar wannan maƙala ita ce a duba asalin ziyarar da jama'a kan shirya daga Doka, wato Kaduna ta Arewa, zuwa Sakkwato da Wurno, a kuma kwatanta ta da irin ta wata al'umma.

Mabiya addinin Hindu a Indiya sukan tafi garuruwa irin su Haridwar da Varanasi da ke bakin kogin Ganga, don a wurinsu ruwan kansa abin tsarkakewa ne. Wurno da Sakkwato su ma suna kusa da gulbin Rima, amma ba gulbin ake zuwa dominsa ba. Fadama da tsaro suka sa aka zauna a wurin; kaburburan mujaddadai kuwa su suka jawo maziyarta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, aka binne shi a Sakkwato, inda ake kira Hubbare. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi, a can ya rasu a 1837.

Tun kafin zuwan mota mata suka buɗe wannan hanya. 'Yan Taru sukan taso daga ƙauyuka a ƙafa, jaji na gaba, su zo ɗaukar karatu wurin Nana Asma'u. Ashe ziyara da neman ilmi tare suka taso.

Da Turawa suka mai da Kaduna hedkwatar Arewa a 1917, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru a cikinta, zukatansu kuwa na gida. Jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, daga bisani hanyar mota ta Zariya da Funtuwa da Gusau ta mai da tafiyar makonni ta zama ta yini guda.

Abubuwa biyu suka rage wa ziyarar ƙarfi. Na farko, muhawarar da ta tsananta bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978 game da neman tabarraki a kaburbura. Na biyu, 'yan bindigar da suka addabi hanyar Zamfara tun bayan 2011. Abin tsoro shi ne ɗalibi ya san Wurno a littafi kawai. Saboda haka ya wajaba manazarta su tattara labarin ziyarar daga bakin tsofaffin da suka yi ta, tun suna raye.