Kwaɗon Dutsen Nimba da Tamar da Ke Ƙarƙashinsa

A Dutsen Nimba, inda Gini da Laberiya da Kwaddibuwa suka haɗa iyaka, akwai wani kwaɗo da ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi. Ba a samunsa ko'ina sai can, kuma ƙarƙashin mazauninsa tama ce jibge. Tun 1963 kamfanin LAMCO ya soma haƙarta a ɓangaren Laberiya. A 1981 UNESCO ta sanya gandun ɓangaren Gini cikin wuraren gadon duniya. A 1992 ta ce shirin haƙar tama ya jefa shi cikin haɗari. A 1993 aka gyara iyakar gandun, aka yankar wa mahaƙa fili daga mazaunin kwaɗon. An sasanta a takarda, amma har yau kwaɗon yana dab da ƙarewa.