Kishiya ko Ƙawa? Giɓin Labaran Ƙananan 'Yan Mata a Adabin Hausa, Bisa Misalin Ƙasar Ɗanbatta

Tsakure

Maƙalar ta dubi ƙagaggun labarai na addini da Kiristocin Ingila suke rubuta wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 12, ta auna su da abin da tsararsu take samu a ƙasar Ɗanbatta. Matsayin maƙalar shi ne, adabin Hausa bai rasa wa'azi ba; abin da ya rasa shi ne labarin da abokiyar gasa za ta ci gaba da zama ƙawa.

Wannan nau'in rubutu ya daɗe a Ingila. Ƙungiyar Religious Tract Society, wadda aka kafa a Landan a 1799, ta fara buga mujallar Girl's Own Paper a 1880 domin 'yan mata kawai. Misalin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne Treasures of the Snow na Patricia St John, wanda ya fito a 1950. A cikinsa wata yarinya, Annette, ta ƙullaci wani yaro da ya yi sanadin gurguncewar ƙaninta, har ta lalata dokin icce da ya sassaƙa domin gasar makaranta. Abin lura shi ne inda aka ɗora laifi. Tauraruwar labarin ita ce mai ƙullin zuciya, kuma aikin imani a littafin shi ne warware wannan ƙulli, ba kayar da abokin gaba ba.

A tatsuniyar Hausa tsarin ya sha bamban. Labarin 'yar bora da 'yar mowa, wanda kusan kowace yarinya take ji tun tana ƙarama, ya raba 'yan matan gida biyu: mai ladabi ta dawo da dukiya, marar kunya ta kwaikwaye ta ta dawo da wulaƙanci. Ba a bar wa sulhu ƙofa ba, domin gasar tasu gadon kishin uwayensu ce. Rubutaccen adabi bai cike giɓin ba. Littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, labaran maza ne. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗanbatta a 1980, kuma daga nan mace ta shigo fagen sosai, amma a matsayin budurwa ko matar aure. Ko Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda tauraruwarsa Abu ƙaramar yarinya ce da aka cire daga makaranta, matsalar aure ce ginshiƙinsa. Su ma Hausawa Kiristoci, waɗanda suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma daga cikinsu John Tafida ya fito ya rubuta Jiki Magayi tare da East, sun fi mayar da hankali ga fassara da waƙoƙin sujada da darussan ranar Lahadi. Ke nan yarinya mai shekara goma tana tsallakawa ne daga tatsuniya kai tsaye zuwa littattafan soyayya, kuma a duka biyun macen da take gasa da ita kishiya ce ko 'yar kishiya.

Rayuwar yarinyar kuwa ba haka take ba. A ƙauyukan Ɗanbatta, inda gonaki suke manne da juna kuma gida yake jin tarin maƙwabcinsa, wadda ake gasa da ita a aji ita ce wadda ake tafiya rijiya da ita, ita ce kuma ake jerawa da ita wajen talla ranar kasuwa. A dubi musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shirya ta ƙasa tun 1986, kuma take da matakai tun daga ƙaramar hukuma. 'Yan mata biyu na Islamiyya ɗaya sun kwashe watanni suna sauraron haddar juna, wannan ta riƙe Alƙur'ani waccan ta karanta, sannan su sauya. Ranar gasa alƙali ya ja baƙi, ɗaya ta ɗauka ta zarce, ɗayar ta kakare a aya mai kama da wata, aka kaɗa mata ƙararrawa. Gobe kuma tabarma ɗaya za su zauna. Malaminsu ya riga ya koya musu cewa hassada tana cin lada, amma babu labarin da ya nuna musu yadda hassadar take shiga zuciyar mutumin kirki, da yadda ake fitar da ita. Alhali ƙawance tsohuwar al'ada ce mai ƙa'idoji. Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith shi dalla-dalla a littafin da ya fito a 1954, har da musayar kyauta da biki.

Za a iya cewa irin wannan rubutu wa'azi ne aka sa wa rigar labari, kuma yara suna gane shi tun daga shafin farko. Akwai gaskiya a nan, domin da yawa daga littattafan Kiristan sun faɗa wannan rami, inda addu'a ɗaya take kawo kofin gasa. Sai dai wannan aibin marubuci ne, ba na nau'in ba. Labarin da yarinya ta yi addu'a, ta faɗi gasar, sannan dole ta je taya ƙawarta murna, ya fi wa'azi wuyar rubutawa, ya kuma fi kusa da abin da addinan biyu suke koyarwa game da ƙaddara da haƙuri. Masu cewa tsarin baƙo ne kuwa, amsarsu tana cikin Magana Jari Ce, inda Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya mayar da su na gida.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta kasuwa. Budurwa tana iya sayen littafi ko ta yi hayarsa da kuɗin hannunta, yarinya mai shekara goma kuwa sai abin da uba ko malami ya miƙa mata. Tun da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta Jihar Kano ta ƙona littattafan hikaya da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a 2007, iyaye da yawa suna kallon kowane ƙagaggen labari da ido ɗaya. Saboda haka hanyar da Adabin Kasuwar Kano, wato littattafan soyayyar nan, ya bi ba za ta ɓulle a nan ba. Littafin zai isa hannun yarinyar Ɗanbatta ne kawai idan ya shiga cikin kyaututtukan musabaƙa da na ƙarshen zangon karatu, ko jerin littattafan karatun firamare, wanda ke nufin sai marubuci ya fara gamsar da shugaban makaranta da hukumar ilimi kafin ya kai ga mai karatunsa.