'Yan Tawayen Zariya da Rigimar Zanen Gida

Mai karatu, in ka taɓa kai shanu ko kaya kudu ta hanyar Funtuwa, to ka wuce ta ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya. A shirinmu na wannan mako mun taɓo wata rigima da aka yi a cikin harabar nan tun ba ta zama jami'a ba, rigimar da ba a zare sanda ba, amma har yau ana maganarta.

A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane da sassaƙa daga Ibadan aka kawo shi kwalejin Zariya. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, tsarin karatun ma nasu ne. Ɗalibi zai fara da fensir, ya zana abin da ke gabansa yadda ido ke ganinsa. A koya masa dalilin da ya sa saniyar da ke nesa take fitowa ƙarama a takarda, ta kusa kuwa babba. A koya masa inda haske ke sauka da inda inuwa ke kwanciya, da yadda ƙashi da tsoka suke a jikin mutum, sannan haɗa launi. Wannan shi ne tushe, kuma gaskiya ilimi ne mai amfani, ba wanda ya musa.

To ina matsalar? Ba a sa zanen gida cikin lissafi ba. Ga birnin Zazzau nan kusa, ga masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, ga adon da magina ke yi a fuskar soraye, ga aikin dukawa a jikin fata, ga ƙwaryar da aka yi wa sassaƙa ana zuba nono a ciki. Duk wannan a wurin manhajar sana'ar hannu ce kawai, wai ba abin da za a karanta a aji ba ne.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda daga baya aka laƙaba wa 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ba su ce a watsar da karatun Bature ba. Cewa suka yi a riƙe dabarar da aka koya, amma kowa ya koma garinsu ya nemo abin da iyayensa suka iya, ya gwama su. Okeke ya rubuta wannan ra'ayi a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami 'yanci. Shi kansa wurin mahaifiyarsa ya koma ya koyi uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar dai yadda namu matan ke yin lalle. A kan wannan zane ya gina aikinsa, kuma shi ya koyar da ya je jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, a 1961 ta watse, a 1962 kuma kwalejin ta zama jami'a. Abin da ni nake gani shi ne, tawayen bai kai inda ya kamata ba ta ɓangarenmu: 'yan ƙungiyar daga kudu suka fito, don haka uli ya sami masu ɗaukarsa, adon ƙwarya da na soro ba su samu kamar haka ba. Sai dai akwai Jimo Akolo, abokin karatunsu da bai tsaya cikin ƙungiyar ba, wanda ya zana Fulani a kan dawakai a 1962, ya kuma yi shekaru yana koyarwa a Zariya.

Yanzu laluba aljihunka, in akwai murtala, wato takardar naira 20, ka juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a wurin ita ce Ladi Kwali. A gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar tukwane ta garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja. A 1977 jami'ar nan ta Samaru ta kira ta, ta ba ta digirin girmamawa na dakta.