Ƙwaron da ya tsayar da kwamfuta a 1947

Ranar 9 ga Satumba 1947, a Jami'ar Harvard ta Amurka, babbar kwamfutar Mark II ta samu tangarɗa. Injiniyoyi suka bincika makunnanta, sai ga ƙwaro irin mai bin fitila maƙale cikin na 70. Suka ciro shi, suka liƙa a littafin aiki. Har yau littafin yana gidan tarihi na Smithsonian.

Na tuna da labarin ne saboda kwamfuta ɗaya tilo ta lakwal ɗinmu. Wata biyu muna cewa ta mutu, iyaye har sun fara karo-karo. Da mai gyara ya buɗe ta, ashe ƙurar hunturu ce ta toshe fanka. Malamai da iyaye, a riƙa dubawa kafin a yi wa na'ura jana'iza.