Murhun gas da wutar lantarki: Muhimmancin wayar ƙasa

Duk da cewa da iskar gas yake dafa abinci, murhun gas na zamani yana buƙatar wutar lantarki, kuma rashin haɗa shi yadda ya kamata kan janyo jan lantarki ko gobara.

Lantarkin ne ke samar da tartsatsin da ke kunna wutar murhun, shi ne kuma ke tafiyar da agogo da fitilar cikin tanda, da fanka a murhunan da ke da ita.

Ƙarfin wutar da ake buƙata

Ƙarfin wutar gida ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka da Kanada bolt 120 ne, kuma akan jona murhun gas a layi mai amfiya 15. A Birtaniya da Najeriya da Ghana bolt 230 ne, a Nijar kuwa 220.

Wannan bambanci ya shafi masu sayen kayan gwanjo. Murhun da aka ƙera domin Amurka, idan aka jona shi kai tsaye a soket na Najeriya, na'urorin cikinsa za su ƙone. Don haka wajibi ne a karanta ɗan allon da ke jikin murhun, inda aka rubuta ƙarfin wutar da yake ɗauka.

Murhun da ke da tanda mai aiki da lantarki yana jan wuta sosai, saboda haka sau da yawa yana buƙatar layinsa na daban mai waya mai kauri.

Aikin waya ta uku

Filogin murhun yana da wayoyi uku. A tsarin Turai, ruwan kasa ita ce mai ɗauke da wuta, shuɗiya ita ce mai mayar da ita, sai mai launin kore da rawaya, wato wayar ƙasa. Birtaniya ta kammala komawa ga waɗannan launuka a wayoyin cikin gini a shekarar 2006, amma a tsofaffin gidaje ana samun ja da baƙa a madadin biyun farko.

Wayar ƙasa tana haɗe da ƙarfen jikin murhun. Idan zafi ko ɓera ya lalata robar wata waya har ta taɓa ƙarfen, wutar za ta bi ta wannan hanya, fis ya ƙone ko makatsin wuta ya faɗi. Idan babu ita, jikin murhun zai ɗauki wuta, ta bi ta jikin duk wanda ya taɓa shi, musamman mai jiƙaƙƙen hannu ko mara takalmi.

Saboda haka haɗari ne a karya ƙafa ta uku ta filogi, ko a cusa tsirarun wayoyi cikin soket, ko a yi amfani da doguwar wayar ƙari. Na'urar kariya da ke yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare tana ƙara tsaro, amma ba ta maye gurbin wayar ƙasa.

Bututun gas

Ƙa'idojin aikin lantarki na Birtaniya da na Amurka sun hana a mayar da bututun gas hanyar saukar da wuta cikin ƙasa. Inda ake buƙatar irin wannan hanya, sandar ƙarfe ce ake kafawa a ƙasa, sannan ƙwararren ma'aikaci ya gwada ta da na'ura. Gidan da ke amfani da janareta ma na buƙatar a tabbatar kariyar na aiki idan an juya wuta zuwa kansa.

A Najeriya, hukumar NEMSA da aka kafa bisa dokar shekarar 2015 ce ke da alhakin duba ingancin ayyukan lantarki.

Idan aka ji warin gas

Gas ɗin girki da ake sayarwa a tukunya ya fi iska nauyi, don haka idan ya zurare yakan taru a ƙasan ɗaki. Da zarar ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ɗan tartsatsi daga soket mai kwance ya isa ya tayar da wuta.

Wanda ya ji warin kada ya kunna ko ya kashe makunnin lantarki, kada kuma ya zare filogi ko ya ƙyasta ashana. Ya rufe kan tukunyar, ya buɗe ƙofofi da tagogi, ya fitar da jama'a waje, sannan ya kira mai gyara.

Ana gano inda gas ke fita ne ta hanyar shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, domin wurin zai yi kumfa.