Kadiri Ikhana: kocin da ya ba Kano Pillars kofi, washegari ya ajiye aiki

1/ A watan Mayun 2008 Kano Pillars ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya, karo na farko a tarihinta. Washegari kocin da ya kawo kofin ya yi murabus. Ba korar sa aka yi ba fa, shi ya tafi da ƙafarsa. Sunansa Kadiri Ikhana. Ku biyo ni.

2/ A gidajen kallo na Kakuri da Barnawa, ka tambayi yaro tarihin Mourinho, zai kawo maka tun daga Porto. Ka ce masa Ikhana, sai ya ce wane ne kuma? Abin yana min ciwo wallahi.

3/ Kafin ya zama koci ɗan wasa ne a Bendel Insurance. Yana cikin tawagar Green Eagles da ta ci kofin Afirka a Legas a 1980, ranar da aka lallasa Aljeriya 3-0.

4/ Amma inda ya yi suna sosai 2003 ne. Kafin shekarar, babu kulob ɗin Najeriya da ya taɓa cin babban kofin kulob-kulob na Afirka. Rangers ta je wasan ƙarshe a 1975 ta faɗi. Shooting Stars sau biyu, 1984 da 1996. Iwuanyanwu a 1988. Kullum sai an kai bakin gaɓa jirgin ya kife.

5/ Sai ga Ikhana da Enyimba. Suka haɗu da Ismaily ta Masar a wasan ƙarshe: 2-0 a Aba, can Masar aka ci su 1-0. Kofi ya zo gida. CAF ta ba shi gwarzon kocin Afirka na shekarar.

6/ To wannan mutumin ne ya zo Kano. An kafa Pillars a 1990, ga magoya baya har sun yi yawa, amma shekara 18 ba kofin lig. Shi ya karya wannan ƙofar.

7/ Me ya sa ya tafi? Dalilin da ya bayar shi ne cin hanci da ya yi wa ƙwallon ƙasar nan katutu. Ku lura da lokacin da ya zaɓa. Da wanda ya sha kashi ne ya faɗa, sai a ce borin kunya yake. Wannan kuwa kofi na hannunsa.

8/ Duk mai bin lig ɗinmu ya san zancen: a gida ka ci, a waje ka sha kashi, alƙalin wasa kuma Allah kaɗai ya san da wa ya kwana. A ganina maganar da ya yi ranar ta fi kofin nauyi, kuma ita aka fi saurin mantawa.

9/ Pillars dai ba ta rushe ba. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka, sannan ta ci lig sau uku a jere, 2012 zuwa 2014.

10/ Shi ma bai iya rabuwa da fili ba. Ya riƙe Super Falcons a 2012, abin bai yi daɗi ba, ya sauka a shekarar. Daga baya ya koma Enyimba, a 2015 ya ci lig, kofin da ya karɓe daga hannun Pillars ɗin da ya bari.