Gadon Forgo: dokar wace ƙasa ce ke raba dukiyar baƙo?

A shekarar 1869 wani mutum mai suna Forgo ya rasu a garin Pau, a kudancin Faransa, yana da shekara 68, bai bar ɗa ba, bai bar wasiyya ba. Asalinsa ɗan Bavariya ne, wadda a wancan zamani masarauta ce mai cin gashin kanta a ƙasar Jamus. An haife shi ba ta hanyar aure ba, aka kawo shi Faransa yana ɗan shekara 5, kuma can ya tara dukiyarsa. Da ya kwanta dama, sai dangin uwarsa suka taso neman gado.

Nan fa aka yi cirko-cirko. A dokar Bavariya, dangin uwa suna da rabo. A dokar Faransa ta lokacin ba su da ko anini, baitulmali ne ke gaje dukiyar. Ke nan kafin alƙali ya tambayi su wane ne magada, sai ya fara warware wata tambaya: dokar wace ƙasa za a bi? Ƙa'idar Faransa ta ce dukiyar da ake iya ɗauka tana bin dokar mazaunin mamaci. To, Forgo bai taɓa samun izinin zama na hukuma ba, don haka a idon doka mazauninsa na nan Bavariya. Da aka buɗe dokar Bavariya kuwa, sai aka tarar ta ce a bi dokar wurin da mutum ya zauna a zahiri, wato Faransa. Kotun ƙoli ta Faransa, a hukuncinta na 1878 da na 1882, ta karɓi wannan maidowa, ta yi aiki da dokarta. Baitulmali ya cinye, dangi suka koma hannu rabbana.

Wannan shari'a na cikin darussan da ɗalibin lauya ke gamuwa da su a jami'a, a fannin da ake kira dokar ƙasa-da-ƙasa ta tsakanin mutane. Fanni ne mai dogon tarihi. A ƙarni na 14, Bartole ya yi nazarin saɓanin dokokin biranen Italiya. A 1849 Bajamushe Savigny ya koyar cewa kowace alaƙa, aure ko ciniki ko gado, tana da mazauninta, kuma dokar wannan mazauni ce ta cancanci a bi. A 1893 aka buɗe taron farko na birnin La Haye domin daidaita ƙa'idodin ƙasashe. Ita kanta Faransa ta sake hanya: tun 2015, bisa dokar Tarayyar Turai, gado na bin dokar wurin da mamaci ya saba zama.

Mai karatu zai ce ina ruwan Maraɗi da Pau? Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata iyakar da ta raba ƙasar Hausa biyu, amma ba su raba aure da fatauci ba. A ɗauki misalin ɗan kasuwar Maraɗi da ya rasu ya bar gida a Katsina, da mata a Damagaram, da bashi a Kano. Nijar ta gaji tsarin shari'ar Faransa, tana kuma aiki da al'ada a sha'anin aure da gado. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, jihohinta na arewa kuma suna da kotunan shari'ar Musulunci. A fannin ciniki Nijar na cikin ƙungiyar OHADA da aka kafa a 1993, Nijeriya ba ta ciki. Hukuncin da aka yanke a Kano kuwa ba ya zartuwa a Maraɗi sai alƙalin Nijar ya duba shi ya ba da izini.

Saboda haka ɗalibin wannan fanni ke koyon abubuwa huɗu: zama ɗan ƙasa, matsayin baƙo, saɓanin dokoki, da saɓanin kotuna. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su nuna wa matasa wannan hanya, domin marayu da zawarawan bakin iyaka suna bukatar lauyan da ya san dokokin ɓangarori biyu, ya kuma iya bayyana musu da Hausa dalilin da ya sa aka bi wannan doka aka bar waccan.